Alhakin Mai Ba da Aiki Game da Lafiyar Hankalin Ma'aikacinsa



Sa'ad da aka aiko mini da takardar gayyata, aka ce ana so in yi magana a kan kiyaye lafiyar ma'aikaci a wurin aikinsa, na san abin da yawancin jama'a za su zaci zan zo da shi, watau batun hular kwano, da takalmin ƙarfe, da tukunyar kashe gobara wadda akan rataya a bango, ba kuwa wanda ya san ranar da aka cika ta. Duk waɗannan abubuwa ne masu muhimmanci, amma ba su suka kawo ni ba. Akwai wani irin rauni da aiki kan yi wa mutum, wanda ba ya zub da jini, ba a kuma ɗaure shi da bandeji, shi ne raunin da ke samun hankali da zuciya. Tambayar da nake so mu duba tare a yammacin nan ita ce: in aiki ya yi wa mutum irin wannan rauni, alhakin wa ne? Na ma'aikacin ne, a ce ba shi da juriya, ko kuwa na wanda ya tsara aikin ya ɗora masa?

Kafin in ci gaba ya kamata in kawar da wata rashin fahimta. Bahaushe in ya ji an ce taɓin hankali, nan da nan sai tunaninsa ya tafi ga wanda ke yawo a kasuwa cikin tsumma, yara na binsa. Ba wannan nake nufi ba. Ina nufin akawun da ya yi wata uku bai sami barcin kirki ba. Da malamar asibitin da gabanta ke faɗuwa duk ranar Lahadi da yamma don ta tuna gobe akwai aiki. Da jami'in da a dā yake da fara'a, yanzu kuwa in ya koma gida sai faɗa da iyali, abinci ba ya masa daɗi, yakan karanta takarda sau uku bai gane abin da ke ciki ba. Likitoci suna da sunayen waɗannan cututtuka, manya a cikinsu su ne ciwon baƙin ciki mai tsanani da ciwon fargaba. Wanda ke fama da su yakan zo ofis da rigarsa tsaf, ya sa hannu a littafin zuwa aiki, a gaishe shi ya ce lafiya lau.

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na mutanen da suka isa aiki suna fama da wata matsala ta hankali, kuma duniya tana hasarar ranakun aiki biliyan 12 kowace shekara saboda baƙin ciki da fargaba. Shekara guda kafin nan, ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ba da rahoto cewa mutum 745,000 suka mutu a 2016 ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, sanadin aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Ba zan cika ku da alƙaluma ba, gama manyan lambobi irin waɗannan kan wuce ta kan mutum ba tare da sun taɓa shi ba.

Dokokin kiyaye lafiyar ma'aikata a masana'antu aka haife su, saboda haka idonsu a kan jiki yake. Wanda ya buɗe Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 zai tarar da maganar tsabta, da iska, da haske, da killace inji mai juyawa don kada ya fizge hannun mutum. Amma tun a 1981 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 155, ta bayyana cewa in an ce lafiya dangane da aiki, ba rashin ciwo ko naƙasa kaɗai ake nufi ba, har da abubuwan da suka shafi jiki da hankali. Nijeriya ta amince da wannan yarjejeniya a 1994. A ƙasar Faransa kuwa, wadda za mu daɗe a cikinta yau, an yi wata doka a watan Janairu na 2002 wadda ta yi abu biyu. Ta gyara dokar ƙwadago ta ƙasar, har ya zama wajibi a kan mai ba da aiki ya kare lafiyar ma'aikaci ta jiki da ta hankali. Sa'an nan ta mai da gallazawa a wurin aiki laifin da ake ɗaure mutum a kansa, watau maimaita wa ma'aikaci abubuwan da ke ɓata yanayin aikinsa, har su taɓa mutuncinsa, ko lafiyarsa, ko makomarsa. Waɗanda suka rubuta dokar, bisa ga dukkan alama, ƙaramin shugaba mai muzguna wa na ƙarƙashinsa suke hangowa. Ba su san wata rana za a gurfanar da shugaban ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasar a kanta ba.

Kamfanin France Télécom, wanda tun 2013 ake kira Orange, asalinsa ba kamfani ba ne. Sashe ne na ma'aikatar gidan waya da tarho ta gwamnatin Faransa, kamar dai yadda P&T ɗinmu take kafin a kafa NITEL a 1985. A 1997 aka fara sayar wa jama'a hannun jarinsa, a 2004 kuwa rabon gwamnati ya sauko ƙasa da rabi. A tsakanin nan kamfanin ya yi ta sayen wasu kamfanoni da bashi, har a 2002 ana binsa kusan Yuro biliyan 70, ga kuma intanet da wayar hannu suna cinye kasuwar wayar girke wadda a dā ita ce abincinsa. Da Didier Lombard ya zama shugaba a 2005, sai aka fito da wani shiri na shekara uku, 2006 zuwa 2008, wanda a cikinsa aka ƙudura cewa mutum 22,000 za su bar aiki, wasu 10,000 kuma a canja musu wuri ko irin aiki, daga cikin ma'aikata fiye da 100,000.

To, a nan gizo ke saƙa. Galibin waɗannan ma'aikata an ɗauke su ne tun kamfanin yana hannun gwamnati, saboda haka suna riƙe da matsayinsu na ma'aikatan gwamnati, doka kuwa ba ta yarda a sallame su don rage kashe kuɗi ba. Dattawan da ke cikin wannan ɗaki za su tuna 1975, zamanin Janar Murtala Muhammed, sa'ad da aka sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000, wasu ma a rediyo suka ji sunayensu. A Faransa ba halin yin haka. Wanda ba ka da ikon korarsa, kana kuma so ya tafi, sai dai ka sa zaman ya gagare shi. A watan Oktoba na 2006 Lombard ya gaya wa taron manyan jami'an kamfanin cewa zai fitar da mutanen nan ta kowane hali, ko ta ƙofa ko ta taga. An rubuta maganar a bayanin taron, bayan shekaru goma sha uku kuma aka karanta masa ita a gaban alƙali.

Ga yadda abin ya kasance, kamar yadda shaidu da takardu suka nuna. Kowane shugaban sashe an yanka masa adadin mutanen da za su bar ƙarƙashinsa, an kuma ɗaura wani ɓangare na ladan da yake samu a kan cika wannan adadi. Mutumin da ya yi shekara ashirin ko talatin yana hawan turakun waya, ya san kowace igiya a yankinsa, sai a wayi gari an ce ya koma ɗakin amsa kiran masu ƙorafi, ko kantin sayar da wayar hannu, ana ƙirga masa mintocin da ya yi da kowane mai kira. Wani a rufe ofishinsu a tura shi gari mai nisa da iyalinsa, kafin ya zauna a sāke tura shi wani. Wani a yi ta kiransa ana tambayarsa yaushe zai nemi aiki a waje. Wani kuma a bar shi da tebur da kujera, ba a ba shi kome ya yi. Faransawa suna ce wa wannan na ƙarshe sa mutum a kabad. Mu ma mun san shi. Na taɓa aiki a wata ma'aikata inda aka yi wa wani dattijon jami'i haka, don ya ƙi sa hannu a kan wata takarda. Fiye da shekara yana zuwa ƙarfe takwas, ya tashi ƙarfe huɗu, ba fayil ko ɗaya da ya bi ta teburinsa, masinja ma ya daina leƙa shi. Albashinsa bai taɓa yankewa ba, amma mun ga yadda rigarsa ta yi masa yawa. Ba wanda a cikinmu ya ce uffan, har da ni.

Alamu ba su ɓuya ba a France Télécom. Likitocin kamfanin sun yi ta rubuta gargaɗi, wasunsu ma suka ajiye aiki. A 2007 ƙungiyoyin ƙwadago biyu suka kafa wani kwamiti na musamman don tattara bayani a kan damuwa da canjin wurin aiki na tilas. A shekarun 2008 da 2009 aka ƙirga ma'aikatan kamfanin 35 da suka kashe kansu. Ɗaya daga cikinsu, wani masanin fasaha a birnin Marseille, ya bar wasiƙa a watan Yuli na 2009 yana cewa aikinsa ne kaɗai dalili, ya kuma kira irin shugabancin da ake yi musu mulki da tsoratarwa. A watan Satumba na wannan shekara, yana gaban 'yan jarida, Lombard ya kwatanta kashe-kashen kan da yayi. Ya nemi gafara daga baya, amma magana zarar bunu ce. Aka dakatar da canje-canjen wurin aiki, aka rarraba wa ma'aikata takardar tambayoyi wadda kimanin mutum 80,000 suka amsa, a 2010 kuma ragamar gudanar da kamfanin ta koma hannun Stéphane Richard. A wannan shekarar ce wata sufetar ƙwadago ta miƙa wa mai gabatar da ƙara rahotonta.

Shari'a ba ta gaggawa. Sai a watan Mayu na 2019 aka fara sauraron ƙarar a Paris, aka yi fiye da wata biyu ana zama. Kotu ta duba al'amarin mutum 39 ɗaya bayan ɗaya: 19 sun kashe kansu, 12 sun yi yunƙuri, 8 sun kamu da baƙin ciki mai tsanani ko sun kwanta jinya. Ran 20 ga Disamba, 2019, ta sami Lombard da mataimakinsa da shugaban sashen kula da ma'aikata da laifi. Kowannensu aka yanke masa ɗaurin shekara guda, wata takwas daga ciki na je-ka-gyara-halinka, da tarar Yuro 15,000. Kamfanin kansa aka ci shi tarar Yuro 75,000, bai kuwa ɗaukaka ƙara ba. A 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da laifin Lombard da mataimakinsa, amma ta mai da ɗaurin duka na je-ka-gyara-halinka. Ran 21 ga Janairu, 2025, kotun ƙolin ƙasar ta yi watsi da ƙararsu ta ƙarshe.

Na san abin da ke ranku. Yuro 75,000 ga kamfanin da cinikinsa na shekara ya haura Yuro biliyan 40, ai ko kuɗin shayin ofis bai kai ba. Haka ne, amma iyakar abin da doka ta tanada ke nan a lokacin da aka aikata laifin. Sai a 2012 aka ninka hukuncin zuwa shekara biyu da Yuro 30,000 ga mutum ɗaya. Nauyin wannan shari'a ba a tarar yake ba, a hujjar da kotu ta kafa yake. Lauyoyin waɗanda ake tuhuma sun kawo dalilai, kuma adalci ne mu saurare su. Sun ce kamfanin yana bakin rami, in ba a rage ma'aikata ba kowa zai rasa. Sun ce kashe kai abu ne mai dalilai da yawa, ba wanda zai iya shiga zuciyar mamaci ya ware rabon ofis da na gida, kuma a cikin taron mutum fiye da 100,000 ba za a rasa irin wannan mutuwa ba ko da a wane kamfani ne. Sun ce shugaban bai taɓa ganin mutanen nan da idonsa ba, yaya za a ce ya gallaza musu? Magana ta biyu, a ganina, tana da ƙarfi, kuma duk wanda ya ce ya san dalili ɗaya tak da ya sa mutum ya kashe kansa ya faɗi abin da ya fi saninsa. Amma ba da kisan kai aka tuhume su ba. Kotu ta ce ba aikinta ba ne ta hana kamfani rage ma'aikata. Abin da ta duba shi ne hanyar da aka bi. Tsara manufa wadda nufinta, ko sakamakonta, shi ne ɓata yanayin aikin jama'a don su gaji su tafi, da sani, laifi ne, ko da wanda ya tsara ta bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Watau ana iya gallaza wa mutum da takardar umarni daga bene na sama, kamar yadda ake iya gallaza masa da tsawa fuska da fuska.

Yanzu bari mu bar kotu mu koma ga masana, mu ji mene ne a cikin aiki yake cin mutum. Da yawa za su ce yawan aiki. Yawan aiki yana ciki, amma ba shi kaɗai ba. A 1979 wani masani Ba'amurke, Robert Karasek, ya nuna cewa sai an auna abu biyu tare: nauyin da aka ɗora wa mutum, da ikon da yake da shi na yanke shawara a kan yadda zai ɗauki nauyin. Likita mai fiɗa aikinsa yana da nauyi ƙwarai, amma shi ke tsara shi, ana kuma jin maganarsa. Mai amsa waya wanda aka rubuta masa abin da zai faɗa, aka ƙirga masa minti, sai ya nemi izini kafin ya zaga, nauyi yana kansa, iko kuwa babu. Shi ne wanda ke cikin haɗari. Kun ga ke nan abin da aka yi wa masu hawan turakun nan na Faransa: an ɗauke su daga aikin da suke da iko a kansa, an kai su inda ba su da shi.

Binciken da ya fi dacewa da wannan taro shi ne wanda aka yi a kan ma'aikatan gwamnati a birnin Landan, wanda aka sa wa sunan unguwar ma'aikatu, Whitehall. An fara na farko a 1967 da maza kimanin 18,000. Kowa ya zaci manyan jami'ai, masu ɗauke da nauyin ƙasa, su ne ciwon zuciya zai fi kamawa. Sai aka tarar akasin haka: na ƙasan tsani, irin su masinja da mai gadin ƙofa, yawan mutuwarsu ya kai ninki uku na waɗanda ke sama, kuma kowane mataki ya fi na bisansa. Shan taba da hawan jini da makamantansu sun bayyana wani kaso ne kawai na wannan bambanci. Bincike na biyu, wanda Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 da mutum fiye da 10,000 maza da mata, ya nuna cewa rashin iko a kan aikin da mutum ke yi yana cikin abubuwan da ke jawo shi. Sai babban sakatare ya tuna da wannan in ya ga masinjansa zaune a benci, yana zaton ba abin da ya dame shi. Wani masani, Johannes Siegrist, ya ƙara wani ma'auni a 1996, watau rashin daidaito tsakanin wahalar da mutum ya sha da sakayyar da ya samu, ta albashi, ko ta girmamawa, ko ta ƙarin girma, ko ta tabbacin aiki. Wanda ya yi wata huɗu ba albashi, ko ya shekara goma a mataki ɗaya yana ganin na bayansa suna wuce shi, ba ya bukatar a fassara masa wannan. Kwamitin masana da gwamnatin Faransa ta kafa, wanda ya ba da rahoto a 2011, ya ƙara har da tilasta wa mutum yin abin da zuciyarsa ta ƙi, da aikin da ke sa mutum ya riƙa haɗiye abin da yake ji, kamar na ma'aikatan jinya.

To, mene ne wajibin mai ba da aiki? Dokar Faransa, wadda ta samo wannan daga wata ƙa'idar Tarayyar Turai ta 1989, ta jera matakai bisa tsari: a kauce wa haɗari, wanda ba a iya kauce masa a auna shi, a yaƙe shi daga tushensa, a daidaita aiki da mutum, a kuma fifita kariyar da ta game kowa a kan ta mutum ɗaya. Tun 2001 wajibi ne ga duk wanda ke da ma'aikaci, ko da ɗaya ne, ya rubuta haɗarorin da ke wurin aikinsa a takarda guda, yanzu ma doka ta ce a ajiye ta shekara 40. Ina so ku lura da maganar tushe. Abin da shugabanni suka fi so shi ne a kira taron bita a koya wa ma'aikata haƙuri da jan numfashi, ko a ba su lambar wayar mai ba da shawara, domin wannan ba ya taɓa tsarin aiki, yana kuma nuna kamar matsalar a jikin ma'aikacin take. France Télécom ma ya buɗe ɗakunan sauraron koke, yana kuwa ci gaba da yanka wa shugabannin sassa adadi. Ba na raina mai ba da shawara, yana da amfaninsa. Amma in ɗaki yana yoyo, raba wa mazauna lema ba gyara ba ne.

Akwai wata shari'a ta Ingila da ta fayyace iyakar wannan wajibi, ita ce ƙarar da wani jami'in jin daɗin jama'a mai suna Walker ya kai ƙaramar hukumar Northumberland. Shi ke shugabantar masu kula da yaran da aka ci zarafinsu, aiki yana ta ƙaruwa, ma'aikata ba sa ƙaruwa. A 1986 damuwa ta kayar da shi. Da ya warke ya komo, aka yi masa alkawarin mataimaki, ba a jima ba aka janye shi, bayan 'yan watanni ya sāke faɗuwa, wannan karon bai iya komawa aiki ba. A 1994 alƙali ya ce hukumar ba ta da laifi a faɗuwar farko, domin ba a hango ta ba, amma tana da laifi a ta biyu, domin an riga an sani. Aka daidaita a kan diyyar fam 175,000. A ɗaya gefen kuma, kotun ƙolin Faransa ta yanke a 2015, a wata ƙara da wani ma'aikacin jirgin sama ya kai kamfanin Air France, cewa mai ba da aikin da ya tabbatar ya ɗauki duk matakan rigakafin da doka ta tanada bai saɓa wajibinsa ba. Ashe doka ba ta ce sai shugaba ya ba da lamunin farin cikin kowa ba. Tambayoyinta biyu ne: me ka sani, ko ya kamata ka sani? Da ka sani, me ka yi?

Wani zai ce duk wannan labarin Turai ne. Ba haka ba ne. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta Nijeriya ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, wadda kuma ta ɗora wa mai ba da aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, ta keɓe sashe na 8 ga damuwar hankali. Ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, ban da sojoji. Sashen ya ce ana biyan diyya in damuwar ta biyo bayan wani mummunan abu da ya auku ba zato a bakin aiki, ko kuwa likitan da aka amince da shi ya tabbatar cewa daga yanayin aikin ta taso. Har ila yau ya ambaci halin da mai ba da aiki ya canja aikin, ko tsarinsa, ta yadda ya wuce ƙarfin ma'aikaci ba bisa adalci ba. Ku sāke sauraron wannan na ƙarshe, ku kwatanta shi da abin da na ba ku labari. A 2022 Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 wadda ta hana cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, a farkon 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Na tambayi ajin da nake koyarwa, wanda rabinsa ma'aikata ne da suka komo ƙaro ilmi, ko wa ya taɓa jin labarin sashe na 8. Ba hannun da ya tashi.

A aikin gwamnati akwai wata wahala ta musamman, domin in an ce mai ba da aiki, kowa sai ya nuna sama. Akawu ya nuna darekta, darekta ya nuna babban sakatare, shi kuma ya nuna kwamishina ko minista. Amma gwamnati ba ta da hannun da take riƙe alƙalami. Mutum ne ke sa hannu a takardar canja wa mai jego wurin aiki zuwa ƙauyen da ba asibiti. Mutum ne ke riƙe fayil ɗin ƙarin girma a aljihun tebur. Mutum ne ke aika takardar neman bahasi ranar Juma'a da yamma don wanda aka aika wa ya kwana biyu da ita a ransa. Yawancin abin da ake bukata ba ya cin kasafin kuɗi: a gaya wa mutum dalilin canji kafin ya gan shi a allon sanarwa, a bar shi ya tafi hutunsa na shekara, a duba littafin marasa lafiya a ga ko akwai sashen da mutanensa suka fi yawan kwanciya, in kuma wani ya komo daga jinya kada a mai da shi ƙarƙashin kayan da suka kayar da shi. Ɗalibanmu da za su zama shugabannin sassa nan da 'yan shekaru, ku sani za a iya yanka muku adadi irin wanda aka yanka wa shugabannin sassan France Télécom. Su ma ba dodanni ba ne, ma'aikata ne masu iyali, masu tsoron rasa abincinsu.

Ga 'yan ƙungiyar ƙwadago da ɗaliban shari'a kuwa, akwai abin lura a yadda aka ci waccan shari'a. Matattu ba su ba da shaida ba. Takardu suka yi magana: rahotannin likitocin kamfani, da bayanin taron Oktoba na 2006, da jadawalin adadin da aka raba wa sassa, da rahoton sufetar ƙwadago, da abin da ƙungiyoyi suka yi ta tarawa tun 2007, sa'ad da ba wanda ke sauraronsu. Wanda zai nemi diyya a ƙarƙashin sashe na 8 ɗinmu, sai ya nuna cewa canjin da aka yi masa ya wuce ƙarfinsa, kuma ba bisa adalci ba, ba zai iya nuna haka da baki kawai ba. Yana bukatar takardar likita mai kwanan wata, da kofen ƙorafin da ya rubuta wa shugabansa, da hatimin ofis a kai mai nuna ranar da aka karɓa. Mu kuwa mun saba kai kukanmu da baki, a zauren gidan shugaba bayan magariba, inda ba a buga hatimi.

Shugaba, na ga an miƙo mini 'yar takarda cewa lokacina ya cika, akwai kuma masu son yin tambaya.